Filin Addinin Musulunci: Amanar Maganin Feshi da Haƙƙin Dabbobi a Gonakin Kura da Bunkure

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya saukar da ruwa Ya rayar da ƙasa da shi, Ya hore wa ɗan Adam dabbobi domin abincinsa da suturarsa da ɗaukar kayansa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, duk wanda ya bi hanyar Zariya daga birnin Kano a tsakiyar rani, ya wuce Kura ya nufi Kadawa, ko ya ratsa ta Bunkure, zai ga wata ni'ima wadda kakanni ba su gani ba. Ƙasar da a da takan bushe ƙurmus da zarar damina ta ɗauke, yanzu ga ta kore shar da shinkafa da alkama da tumatir da albasa da masara. Sanadin wannan kuwa shi ne madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama ginawa a shekarar 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, da manyan hanyoyin ruwa da aka jawo daga cikinta zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashi na farko na aikin a kan kadada 22,000, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita ke kula da shi. Daga waɗannan gonaki ake cika motoci da tumatir a Kwanar Gafan, daga cikinsu kuma injinan casar shinkafa na Kura ke samun abin yi.

Amma kowace ni'ima tana tafe da hisabinta. Inda ruwa ya zauna rani da damina, ƙwari da ciyawa da ɓeraye da tsuntsaye su ma sun sami mazauni. Manoma ba za su manta da shekarar 2016 ba, lokacin da tsutsar nan da suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har tumatir ya gagari talaka a kasuwa. Saboda irin wannan ne famfon feshi ya zama abokin fartanya, kwalbar magani kuwa ta shiga kowane gida.

Abin da yakan faru

Makiyayi yakan kora shanunsa da hantsi su bi gefen hanyar ruwa suna figar ɗanyar ciyawa, kafin la'asar sai ya ga saniya tana dalalar da yawu, jikinta na karkarwa, tana zawo, numfashi na sarƙe ta, ta faɗi. Matar aure takan wayi gari ta tarar da kajinta da agwaginta a zube a bayan ɗaki. Karen da ke gadin gona ya ci abin da aka ajiye wa ɓera ya mutu, kyanwar gida ta ci ɓeran da ya ci shinkafar ɓera ta bi shi. Wani lokaci a ga kifi ya taso sama a kududdufi cikinsa fari, ko a ga balbela a kwance a kan kunya. Nan take sai magana ɗaya ta fito daga bakin kowa: an sa guba. Daga nan sai a fara neman wanda za a ɗora wa.

Wannan al'amari yana da fuskoki huɗu a shari'a: haƙƙin dabbar da ta mutu, alhakin wanda ya yi feshi, hukuncin wanda ya yi zato, da hukuncin naman.

Dabba tana da haƙƙi

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul An'am, ya bayyana cewa dabbobin da ke tafiya a bayan ƙasa da tsuntsayen da ke tashi da fikafikansu al'ummai ne kamar yadda mutane suke al'ummai. A cikin Suratul Baƙara kuma Allah Ya siffanta wani mutum mai daɗin baki, wanda idan ya juya baya aikinsa shi ne ɓarna a ƙasa da halaka amfanin gona da dabbobi, Ya kuma bayyana cewa ba Ya son ɓarna. Abin lura a nan shi ne an haɗa shuka da dabba a wuri guda, ba a fifita ta manomi a kan ta makiyayi ba, ba a kuma fifita ta makiyayi a kan ta manomi ba.

Hadisai a kan wannan babi suna da yawa, kuma sanannu ne. Akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba. Akwai labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa. Akwai kuma labarin wani Annabi daga cikin Annabawa wanda tururuwa ɗaya ta cije shi, ya sa aka ƙone gidan tururuwar baki ɗaya, sai Allah Ya yi masa wahayi na zargi a kan halaka al'umma guda mai tasbihi saboda laifin ɗaya. Wannan labari na ƙarshe ya kamata mai feshi ya riƙe shi da kyau, domin guba ba ta tambayar suna. An zuba ta don ɓera, amma mujiya da shirwa da kyanwa da bushiya duk sukan shiga ciki.

Shari'a ba ta hana manomi kare gonarsa ba. Ta halatta kashe abin da ke cutarwa, har ma an ambaci ɓera da kunama cikin abubuwan da ake kashewa ko da a Harami ne. Amma ta yi umurni da kyautatawa ko a wajen kisa, ta kuma hana kashe wasu halittu, cikinsu har da ƙudan zuma da alhudahuda da kwaɗo. Sayyidina Abubakar, Allah Ya ƙara masa yarda, lokacin da yake sallamar rundunar da ta nufi Sham, ya hana su yanka akuya ko raƙumi sai don ci, ya kuma hana su halaka zuma, kamar yadda Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa. To, idan wannan ita ce iyakar da aka sa wa mayaƙi a ƙasar abokan gaba, ina ga manomi a cikin gonarsa, a tsakanin maƙwabtansa?

Alhakin mai feshi

Masana sun bayyana cewa da yawa daga magungunan ƙwari da ake feshi da su suna kama jijiyoyin jiki ne, kuma yadda suke kama na ƙwaro haka suke kama na saniya da na mutum, bambancin yawa ne kawai. Alamominsu su ne dalalar yawu, da ƙanƙancewar ƙwayar ido, da karkarwa, da zawo, da sarƙewar numfashi. Irin wannan guba tana da makari wanda likitan dabbobi ke yin allurarsa idan an kira shi da wuri. Amma maganin ciyawar nan mai suna paraquat, wanda ke ƙone ganye cikin kwana ɗaya ko biyu, ba shi da makari, kuma yana lalata huhu.

Hukumomi sun daɗe suna gargaɗi. A 2008 hukumar NAFDAC ta haramta magungunan gona guda 30, cikinsu har da Gammalin 20, wanda wasu ke zubawa a ruwa don kama kifi. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. A 2019 kuma aka hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kantuna da kasuwanni, saboda yadda maganin gona ya koma maganin sauro a ɗakin kwana, da abin da ya fi wannan muni. Bin irin waɗannan dokoki yana cikin ɗa'a ga shugabanni a kan abin da yake maslahar jama'a ne, kuma mai sayar da haramtaccen magani a ɓoye, ko mai juye shi a kwalbar da ba ta da suna, yana da kasonsa cikin duk ran da ya salwanta.

Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa wanda ya halaka dukiyar wani zai biya, ko da gangan ya yi ko da kuskure; gangancin yana ƙara zunubi ne, kuskuren kuwa ba ya sauke biya. Sun kuma bambanta tsakanin wanda ya yi abin da aka yi masa izini a cikin mallakarsa da wanda ya ƙetare iyaka. Misalin da suka saba kawowa shi ne na rijiya. Wanda ya haƙa rijiya a gonarsa don buƙatarsa, dabbar wani ta faɗa, ba shi da lamuni. Wanda ya haƙa ta a kan hanyar jama'a, shi zai biya. Wanda kuwa ya haƙa ta a cikin mallakarsa amma da nufin cutar da wani, shi ma zai biya.

Idan aka auna feshi da wannan ma'auni, hukuncin ya fito sarari. Manomin da ya fesa halattaccen magani a kan shukarsa, gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalba, ya kuma sanar da maƙwabta, ya sauke nauyin da ke kansa. Amma wanda ya fesa ciyawar burtali ko ta bakin mashaya, ko ya wanke famfonsa a cikin hanyar ruwa, ko ya jefar da kwalba inda yara da awaki ke yawo, ya yi daidai da mai haƙa rijiya a kan hanya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi da la'ana ga mai yin bayan gida a mashayar mutane da kan hanyarsu da inuwarsu. Idan ƙazantar da ido ke gani, hanci ya ji, an yi mata wannan gargaɗi, to gubar da ba a gani ta fi cancanta. Ya kuma bayyana cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da makiyaya da wuta. Ruwan da ya fita daga gonakin Kura ba a nan yake tsayawa ba, yana komawa kogi ne ya wuce Wudil ya nufi Haɗeja da fadamun Nguru, inda masunta da makiyaya da dubban tsuntsaye ke jiransa.

Mafi muni duka shi ne wanda shanu suka yi masa ɓarna, maimakon ya kai ƙara sai ya gauraya guba da dusa ko ya fesa harawa ya ajiye a bakin gona. Wannan ya haɗa zunubi uku: ya azabtar da dabbar da ba ta da hankali, ya halaka dukiyar da wataƙila ta fi ɓarnar da aka yi masa nesa ba kusa ba, ya kuma ɗauki hukunci a hannunsa. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Sau da yawa akuyar gidansa ce ke fara kaiwa wurin.

Makiyayi ma yana da nasa

Kada makiyayi ya ji wannan ya ɗauka an wanke shi. Suratul Anbiya ta ba da labarin shari'ar da Annabi Dawuda da Annabi Sulaimanu suka yi a kan tumakin da suka shiga gona da dare. A zamanin Manzon Allah kuma taguwar Barra'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu gona, ɓarnar dare kuwa masu dabbobi ne za su biya. A kan wannan malaman Malikiyya suka tafi, suka kuma ƙara da cewa makiyayin da ke tare da dabbobinsa ya yi sakaci har suka shiga shuka, ko da rana ce, ba zai kuɓuta ba. A wuri irin Kadawa, inda gona ke manne da gona, wajibi ne mai kiwo ya tambaya kafin ya saki dabba a kan ragowar amfani, ya kuma nisanci ciyawar da ya ga ta fara ƙonewa ba tare da wuta ba.

Zato da bincike

Ba kowace dabba ce da ta faɗi ba zato ba tsammani guba ta kashe ta ba, kuma ba kowace guba ce wani ya sa ba. Tun kafin zuwan maganin feshi makiyaya sun san gyauron dawa yana kashe saniya cikin ɗan lokaci, sun san tururibi, sun san abin da ledar da dabba ta haɗiye ke yi a tumbinta. Takin zamani na yuriya, idan saniya ta same shi a buɗe ta ci da yawa, shi ma yana kashewa. Akwai kuma cututtuka masu saurin kisa, irin su cutar saifa, wadda hukuma ta tabbatar da ɓullarta a wata gona a Suleja cikin watan Yuli na 2023. Ita wannan cuta tana kama mutum, saboda haka likitoci suke hana a feɗe dabbar da ta mutu farat ɗaya, musamman idan jini na fita ta hanci ko ta dubura.

Suratul Hujurat ta umurci muminai su yi bincike idan labari ya zo musu, don kada su afka wa wasu mutane cikin jahilci su wayi gari suna nadama, ta kuma umurce su da nisantar yawan zato. Hausawa ma sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya. Ƙa'idar shari'a kuwa ita ce mai ƙara shi ke kawo shaida, wanda ya musa ya yi rantsuwa. Saboda haka wanda dabbarsa ta mutu, abin da ya hau kansa shi ne ya janye sauran daga wurin, ya kira likitan dabbobi, ya sanar da mai unguwa ko ardo, ya adana ragowar ciyawar da ruwan da kwalbar da aka tsinta, domin a kai su wurin awo. Ƙasar nan tana da cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom tun 1924. Kada ya ɗura wa dabbar manja ko madara, domin mai yakan taimaka wa wasu gubobin shiga jiki, kuma ɗura ga dabbar da ke shure-shure takan bi ta huhu. Saniya ɗaya ana iya biyanta, amma ran da ya salwanta a rikicin da zato ya haddasa babu mai mayar da shi.

Hukuncin nama

A watan Afrilu na 2024 Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi shelar gargaɗi bayan da shanu suka mutu a wata kasuwar dabbobi a Ilori, ta kuma bayyana cewa sun ci ciyawar da aka fesa wa maganin ƙwari ne. Abin tsoron shi ne kada naman ya kai ga tukunyar jama'a. Dabbar da ta mutu kafin wuƙa mushe ce, cinta haram, sayar da ita haram, kuɗinta haram. Wadda aka riska da rai aka yanka kuwa, ko da yankan ya inganta, wuƙa ba ta cire guba daga hanta da ƙoda, kuma shari'a ta hana cin abin da ke cutarwa, ta hana ciyar da shi ga wani. Mahaucin da ya saye ta da araha ya ɓoye aibinta ya shiga cikin masu algus, waɗanda Manzon Allah ya barranta daga gare su. Haka nan madarar saniyar da ta sha guba ta tashi, ba a kai ta kasuwa sai likita ya yarda. Haka kuma tumatir ko kayan lambun da aka fesa yau aka tsinka gobe, alhali an rubuta kwanakin jira a jikin kwalba.

Mushen kuma ba a yar da shi a fili. A haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya da hanyar ruwa a binne, domin karen da ya ci, da ungulun da ta sauka, duk za su bi shi.

Izina daga wasu wurare

Mutuwar dabba sau da yawa gargaɗi ne ga mutum. A farkon 2010 mutanen wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara sun ga agwaginsu suna ƙarewa, ba a ɗauki abin da muhimmanci ba. Bayan 'yan watanni aka gano gubar dalma ce daga duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu. A ƙasar Indiya wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allurarsa ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu jinsunan ungulu da ke cin mushensu, har gwamnati ta hana amfani da shi ga dabbobi a 2006. Da ungulu ta ƙare mushe ya yawaita, karnukan sake suka ƙaru. A Botsuwana, cikin 2019, ungulu 537 suka mutu a kan mushen giwaye da mafarauta suka sa wa guba. Dattawan Kano kuwa suna iya tuna lokacin da ungulu ke cika mahauta da rufin kasuwa. Yau sai yaro ya girma bai ga ko ɗaya ba. Allah bai halicci kome a banza ba. Balbela da kwaɗo da mujiya ma'aikatan manomi ne da ba ya biyan su lada, su ke rage masa fara da tsutsa da ɓera.

Abin da ya kamata

Manomi ya nemi shawarar malamin gona kafin ya sayi magani, ya sa a karanta masa abin da aka rubuta, kada ya ƙara awo don gaggawa. Kada ya yi feshi cikin iska, ko lokacin da zuma ke kan fure. Ya kafa alama a gonar da ya fesa, ya aika wa rugar da ke kusa. Ya ɗauraye kwalba sau uku ya juye ruwan a cikin famfo, sa'an nan ya huda ta, don kada ta koma kwalbar mai ko ta ruwan sha. Ya kulle magani inda yaro da dabba ba za su kai ba. Dagatai da ardo-ardo da shugabannin ƙungiyoyin manoma su zauna tun kafin a saki ruwa su keɓe mashaya da burtali. Limamai kuma su riƙa tunatarwa a huɗuba da wajen karatu, domin wannan babi ne na halal da haram, daidai da babin ciniki da na yanka.

Ya tabbata a hadisi cewa ranar alƙiyama za a mayar wa kowane mai haƙƙi haƙƙinsa, har akuyar da ba ta da ƙaho za a rama mata a kan mai ƙaho. Wanda ya san da wannan rana ba zai karkata kwalba a bakin ruwa ba sai ya tsaya ya tuna wa zai sha a ƙasa.

Allah Ya sa albarka a noma da kiwo, Ya kiyaye jama'a daga cutarwa da cutuwa, Ya haɗa kan manomi da makiyayi a kan gaskiya, Ya sa a gama da duniya lafiya. Amin.